Babi na Bakwai: Itatuwan da ke riƙe guba a bakin teku

A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Manomin da ya ɗebi wannan ruwa ya ba masararsa ko tumatirinsa, kafin mako ya zagayo zai tarar da su sun yi yaushi, ganye ya ƙone daga gefe, alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Ƙishirwa ce ke kashe su ga ruwa a gindinsu. Dalili kuwa shi ne ruwa yakan bi inda gishiri ya fi yawa. Idan gishirin da ke cikin ƙasa ya zarce na cikin saiwa, maimakon saiwa ta sha, sai ƙasa ta riƙa tsotse ta. Ɗan gishirin da ya samu ya kutsa ciki kuma sai ya dagula aikin ƙwayoyin halittar shukar.

Amma akwai tsirrai, kimanin ɗaya cikin ɗari na duk ire-iren da ke duniya, waɗanda a cikin wannan ruwan suke tsirowa, su girma, su yi 'ya'ya. Mafi shahara a cikinsu ita ce bishiyar mangurof, wadda ke cika bakin koguna a ƙasashe masu zafi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku. Kurminta mafi girma a Afirka yana Nijeriya, a yankin Neja Delta. A ƙasashe masu sanyi kuwa, ciyayi da 'yan gajerun tsirrai masu kaurin ganye ne ke riƙe da irin wannan fadama ta gishiri. Kuma dai a irin waɗannan wurare ɗan Adam ya fi son kafa tashar jiragen ruwa, matatar mai, masana'antar narka ƙarfe da magudanar dattin birni. Saboda haka dalma, zaiba, kadmiyam, tagulla da tutiya, waɗanda masana ke kira ƙarafa masu nauyi, a gindin waɗannan tsirrai suke taruwa. Abin da ya ja hankalin masu bincike shi ne, sau da yawa tsirran ba sa mutuwa.

Kafin a gane yadda suke yi da gubar, sai an fara ganin yadda suke yi da gishiri.

Jan mangurof, mai suna Rhizophora, shi ne wanda saiwoyinsa ke fitowa daga jikin gangar itacen su lanƙwaso su soki laka. Shi tun daga ƙofa yake tsare gishiri. A shekarun 1960 wani masani mai suna Per Scholander ya matso ruwan da ke hawa cikin jijiyoyin wannan itace, ya tarar kusan ruwan daɗi ne, duk da cewa saiwar a cikin ruwan teku take tsundum. Saiwar tana da bango mai kauri, mai kama da kakin zuma, wanda ke barin ruwa ya wuce ya tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na gishirin. Ƙarfin da ake buƙata don jawo ruwa ta wannan matata daga ganye yake zuwa: rana tana busar da ruwan ganye, ganye yana ja, jan yana kaiwa har ƙarshen saiwa.

Ɗan'uwansa Avicennia ya fi shi sassauci a ƙofa, yana barin gishiri da ɗan dama ya shiga, sannan ya fitar da shi ta ganye. Wanda ya tsinki ganyen wannan itace da rana tsaka, a lokacin da aka kwana biyu ba a yi ruwa ba, zai ga farin gari-gari a kansa, wani wuri ma ƙananan duwatsun gishiri masu kusurwa suna ƙyalli. Ya shafa da yatsa ya ɗanɗana, gishiri ne zalla. A jikin ganyen akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, aikinsu su tattaro gishirin da ya hau su turo shi waje, iska ko ruwan sama su wanke. Wasu tsirran kuma, irin su Sesuvium da ke yaɗo a kan rairayin bakin teku har a Afirka ta Yamma, ba sa tarewa sosai, ba sa fitarwa. Sukan cika ganyensu da ruwa har ya yi kauri, su kulle gishirin a cikin wata 'yar jaka da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta, nesa da inda ake aikin rayuwa.

To a nan ne batun ƙarafa ke shigowa. Gishiri da gubar ƙarfe, duk da bambancinsu, ɓarnar da suke yi wa shuka ta yi kama. Dukansu suna hana ta shan ruwa yadda ya kamata. Dukansu suna sa a samu wasu miyagun sinadarai na oksijin a cikin ƙwayar halitta, masu cinye bangonta. Shukar da ta saba da gishiri tun fil'azal ta riga ta tanadi maganin waɗannan: tana tara sinadarai irin su furolin da ke riƙe mata ruwa, tana da wadatar abubuwan da ke kashe kaifin waccan ɓarnar ta oksijin. Bangon saiwar da aka yi don tare gishiri yana tare wani kaso na dalma. Jakar da ake kulle gishiri ana iya kulle kadmiyam a cikinta. A 1985 wasu masana a Jamus, Erwin Grill da Ernst Winnacker da Meinhart Zenk, sun bayyana wasu ƙananan sinadarai da tsirrai ke haɗawa da zarar ƙarfe ya shige su, waɗanda ke cafke ƙarfen su ɗaure shi kafin a kai shi jakar. Hatta ƙofofin fitar da gishiri ba a bar su a baya ba. A Ostareliya, Geoff MacFarlane ya nuna cewa Avicennia na fitar da tutiya da tagulla ta ganye tare da gishirin. A tsibirin Kirit na Girka an ga itacen Tamarix na fitar da kadmiyam da dalma ta wannan hanya. Babu ɗayan waɗannan dabaru da ya samo asali don ƙazantar masana'anta. Kayan yaƙi da gishiri ne suka yi rana a wani fagen.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Mafi yawan aikin ba a cikin itacen ake yin sa ba, a cikin lakar da yake tsaye a kai ne.

Sa hannu ka yanko lakar kurmin mangurof. Saman ta toka-toka ce ko ruwan ƙasa, amma da ka nutsa 'yan santimita sai ta koma baƙa ƙirin, mai santsi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu iska a cikinta ko kaɗan, don ruwa ya cike duk wata kafa. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ciki, da yake babu oksijin, sai suke amfani da sinadarin salfet na ruwan teku wajen cin ganyen da ya zube, su bar iskar salfayid, wato mai warin nan. Salfayid kuwa idan ta haɗu da dalma, ko kadmiyam, ko tagulla, ko tutiya, sai su dunƙule su zama abin da ruwa ba ya narkarwa. Gubar tana nan, amma an ɗaure ta. Yanzu ka zaro wata 'yar saiwa daga wannan baƙar laka ka ɗauraye ta a hankali. Za ka ga jikinta ya yi ja-ja, launin tsatsa. Tsatsar ce kuwa da gaske. Itacen yana shaƙar iska ta saiwoyin da ke leƙowa sama, ya tura ta ƙasa ta wasu kafofi da ke cikin jikinsa, wani kaso na iskar ya zurara zuwa lakar da ke manne da saiwa. Baƙin ƙarfen da ke narke a wurin ya haɗu da oksijin ya daskare a jikin saiwar, ya yi mata riga. Wannan riga tana kama ƙarafa masu guba da arsenik, ta rage abin da zai shiga ciki.

Ga kuma aikin da ya fi kowanne sauƙin ganewa. Ruwan da ya shigo da ƙarfinsa lokacin cikar teku, idan ya kutsa cikin dubban saiwoyi sai gudunsa ya mutu. Laka mai laushi da yake ɗauke da ita ta kwanta. Ƙarafa kuwa a jikin irin wannan laka suka fi mannewa. Shekara bayan shekara sabuwar laka na rufe tsohuwa, abin da ya zubo a zamanin kakanni ya yi nisa a ƙasa.

A mashigin tekun Sepetiba, yamma da birnin Riyo da Janero a Burazil, wata masana'antar tutiya mai suna Ingá ta yi shekaru da dama tana tara tulin shara mai ɗauke da tutiya da kadmiyam a bakin ruwa, har ta durƙushe a 1998 ta bar tulin a wurin. Luiz Drude de Lacerda da abokan aikinsa sun daɗe suna auna kurmin mangurof na wannan yanki. Abin da suka tarar shi ne, ƙarafan da ke cikin ganye da reshe da gangar itace kaso kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda ke kwance a cikin laka. An maimaita irin wannan awo a Sin da Indiya da Ostareliya, sakamakon kusan ɗaya ne: ƙarfe na taruwa a laka da saiwa, kaɗan ne ke hawa sama. Kurmin mangurof rumbu ne, ana zuba masa yana adanawa, kuma abin da aka zuba yana nan a ciki ba ya raguwa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce nake so mai karatu ya riƙe, domin a nan ne ake yawan yaudarar jama'a. Ɗanyen mai idan ya malala, ƙwayoyin bakteriya na iya cinye yawancinsa a hankali su mayar da shi ruwa da iskar kabon. Dalma ba ta ruɓewa. Zaiba ba ta ruɓewa. Babu wata shuka, ko ƙwayar halitta, ko wuta da za ta mayar da su wani abu dabam. Abu biyu kawai shuka za ta iya: ta riƙe su a inda suke, ko ta ɗauko su daga ƙasa zuwa jikinta. Duk wanda ya ce maka ya dasa itatuwa gubar ƙarfe ta tafi, tambaye shi ina ta tafi.

Wace ce ta fi, mai riƙewa ko mai ɗaukowa? Wani bincike da aka yi a Amurka ya amsa wannan tambaya ta hanyar da ba a zata ba. Fadamun gishiri na Hackensack, a jihar New Jersey, suna daga cikin waɗanda masana'antu suka fi gurɓatawa da zaiba da kuromiyam da dalma a ƙasar. Ciyayi biyu ne ke takara a wurin. Akwai Spartina, 'yar asalin yankin, wadda masu kare muhalli ke ƙauna. Akwai kuma Phragmites, doguwar kyauro mai mamaye wuri, wadda aka yi ta kashe kuɗi ana tumɓukewa don a dawo da Spartina. Judith Weis ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta suka auna su biyun a farkon shekarun 2000. Sai ga shi Spartina, da yake tana da ƙofofin fitar da gishiri, ta fi ɗauko ƙarafa daga laka ta kai su ganye, ta fitar da su waje, inda ruwa ke wanke su zuwa cikin kogi. Phragmites ɗin da ake ƙi kuwa, a saiwa ta fi barin su. Wato dabarar da ke ceton shuka daga guba ita ce kuma ke tono gubar da aka binne ta miƙa wa kifi da kaguwa. Ba ana nufin a bar baƙuwar ciyawa ta cinye fadama ba ne. Ana nufin juriyar shuka ga guba abu ne dabam, amfaninta ga mutanen da ke cin kifin wurin abu ne dabam, kuma sai an auna kowanne.

Zaiba ma tata matsalar ta fi. Bakteriyar nan da ke samar da salfayid, su ne kuma ke juya zaiba zuwa wani nau'i da ke shiga naman kifi ya ƙi fita, yana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba. Irin wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka fara gano cutar a 1956, ko da yake su masana'antar Chisso ce ta zubo musu shi kai tsaye. Don haka fadamar da ke ɗaure dalma da kyau tana iya zama wurin da zaiba ke ƙara zama mugu.

Masu fatan a yi amfani da tsirrai a tsotse ƙarfe gaba ɗaya suna da hujjarsu. Tun 1983 Rufus Chaney na ma'aikatar noma ta Amurka ya kawo shawarar a shuka tsirrai masu zuƙar ƙarfe, a girbe su, a ƙone, a kwashe tokar. Matsalar ita ce yawancin tsirran da suka shahara da wannan aiki ba sa jure gishiri, ga shi kuma ƙasashe da yawa da suka gurɓata masu gishiri ne. Shi ya sa masu bincike a cibiyar Borj Cedria ta Tunisiya, ƙarƙashin Chedly Abdelly, suka mayar da hankali kan Sesuvium. Sun ga tana ɗaukar kadmiyam zuwa ganyenta ba tare da ta mutu ba, kuma kasancewar gishiri a cikin ruwan ma yana taimaka mata ta jure. Aiki ne mai kyau, kuma ga kadmiyam da tutiya, waɗanda ke saurin motsi a cikin ƙasa, akwai alamar nasara idan gurɓatar ba ta yi tsanani ba.

Amma bari mu yi lissafi da dalma. Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 20, nauyinta ya kai kimanin tan 2,600. A ɗauka kowane kilo na ƙasar yana da miligiram 500 na dalma. Jimilla kilo 1,300 ke nan. A ɗauka kuma shukar na ba da tan 10 na busasshen ganye a shekara, kowane kilo da miligiram 100 na dalma a ciki. Abin da za a cire a shekara kilo ɗaya ne tak. Ko da an ninka ƙoƙarin shukar sau goma, jikokin jikoki ne za su ga ƙarshen aikin. Ga kuma tambayar ina za a kai ganyen da aka girbe. Yawancin waɗannan tsirrai dabbobi na cin su, wasu ma mutane na ci. Filin da aka shuka don tsotse guba, idan babu shinge da mai gadi, akuya ce za ta fara girbe shi, daga nan gubar ta koma nono da nama.

Shi ya sa inda rai ke cikin haɗari ba a jiran shuka. A Minamata, tsakanin 1977 da 1990, yashe lakar mashigin aka yi, kimanin kubik mita miliyan ɗaya da rabi, aka killace ta ƙarƙashin fili mai faɗin hekta 58. A Zamfara, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, kankare ƙasar tsakar gidaje aka yi da fatanya da shebur, aka binne ta a ramuka, aka zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka kai gare shi. Babu mai hankalin da zai ce wa uwar da ɗanta ke rarrafe a kan irin wannan ƙasa ta jira ciyawa ta yi aikinta.

To ina amfanin tsirran bakin teku? Amfaninsu yana wurin da babu wanda zai iya yashewa: dubban hekta na laka mai matsakaiciyar gurɓata, da bakin magudanun da ke kawo datti kaɗan-kaɗan kullum. A nan riƙewar da suke yi ta fi duk wani inji araha. Sharaɗi ɗaya ne, lakar ta zauna a jiƙe, a rufe, saiwoyi na riƙe da ita.

Abin da ke faruwa idan aka karya wannan sharaɗi, Afirka ta Yamma ta gan shi da idonta. A tashar binciken shinkafa ta Rokupr a Saliyo, wadda aka kafa a 1934, an lura cewa ƙasar da aka sare mangurof aka tare mata ruwan teku don noman shinkafa, musamman inda jan mangurof ya tsaya a da, takan yi tsami mai tsanani da zarar ta bushe. Salfayid ɗin da ta taru a cikin laka tsawon ƙarnuka, da ta haɗu da iska sai ta koma asid. A Kasamans da ke kudancin Senegal, farin da aka shiga tun ƙarshen shekarun 1960 ya busar da fadamu masu yawa, mangurof ya mutu, aka bar filaye tsirara masu gishiri da tsami waɗanda ko ciyawa ba ta fitowa. Asid ɗin nan kuma shi ne ke narkar da ƙarafan da aka ɗaure. Abin da kurmi ya tara a shekara hamsin yana iya fita cikin damina kaɗan, ya bi ruwa zuwa inda ake kamun jatan lande da kawa. Garin neman gira an rasa ido.

A Neja Delta duk waɗannan abubuwa sun haɗu wuri ɗaya. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011 ya ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma nuna yadda mai ya kashe mangurof a rafuka da dama. Mangurof na jure gishiri, yana jure ƙarfe gwargwado, amma idan ɗanyen mai ya lulluɓe saiwoyin da yake numfashi da su, shaƙewa yake yi ya mutu. Haka ya faru a garin Bodo bayan malalar mai ta 2008, wadda kamfanin Shell ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55 a kanta a farkon 2015. Inda mangurof ya mutu kuma, sau da yawa kwakwar nipa ce ke maye gurbinsa, baƙuwar da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, wadda masunta ke kukan ba ta tara musu kifi da kawa yadda mangurof ke yi. Ƙari a kan haka ga saran itace don girki da banda kifi, ga cike fadama da yashi don gina unguwanni a Fatakwal.

Ana dasa sabon mangurof a Ogoni yanzu, kuma abin a yaba ne. Amma dashe ba ya wanke wanda ya zubar da guba, bai kuma kamata a karɓe shi a madadin toshe bututu da tace ruwan masana'anta kafin a sake shi ba. Itacen da ke tsaye kore shar a bakin magudana ba shaida ba ne cewa wurin lafiya lau yake, tunda mun ga shi mai juriya ne, kaguwar da ke haƙa rami a gindinsa da yaron da zai ci ta ba su da irin juriyarsa. A wuraren da aka san an daɗe ana zubar da datti, ya kamata a riƙa auna naman kawa da dodon-koɗi da kifi, a gaya wa masu kamawa da masu saye abin da aka gani. Kuma duk wanda ya nemi izinin sare kurmin mangurof don hanya, ko gidaje, ko tafkin kiwon kifi, a tilasta masa ya fara haƙo lakar a auna abin da ke binne a cikinta, a karanta wa masuntan wurin sakamakon kafin inji na farko ya shiga.